Darasi: Abin da Ke Ƙona Injin Famfon Sola da Kwanturolansa

Masu lambu a Sassumbrum da maƙwabtanta, daga Kwaya da Yekuwa da Bande har zuwa ƙasar Dungas, sun daɗe suna ban ruwa da injin fetur. A da kuwa, mafi yawan man daga Najeriya yake tsallakowa, a jarka da kwalba, saboda ya fi araha. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ba da sanarwar janye tallafin mai, cikin ƴan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da biyu. Duk mai shayar da rake ko albasa ko tumatir a bakin iyaka ya ji a jikinsa, hankalin jama'a kuma ya ƙara karkata ga famfon sola.

Aikin sola ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1969 Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fara jagorantar ofishin binciken hasken rana na ƙasa, ONERSOL. A Mali ma, ƙungiyar Mali Aqua Viva ta fara kafa famfunan sola a ƙauyuka tun ƙarshen shekarun 1970. Abin da ya sauya yau shi ne kayan sun yi sauƙin kuɗi har talaka na iya haɗa nasa.

Kayan uku ne: faifan sola, da injin da ke juya famfo, da akwatin da ke tsakaninsu yana daidaita wuta da gudu, wato kwanturola. Faifai yakan haura shekara ashirin yana aiki. Inji da kwanturola su ne ke mutuwa da ƙuruciya, kuma in aka bi diddigi, zafi ne ajalin mafi yawansu.

Daga ina zafin yake fitowa?

In wuta ta bi cikin waya, wayar takan ɗumama. Wani mutumin Ingila, James Joule, ya auna wannan a yankin Manchesta wajen 1840, ya gano cewa zafi ba kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da wuta ba, yana yi mata nisa. In wutar da ke gudu a waya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ta ninka uku, ya ninka tara.

Ma'auni uku za ku riƙe. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta. Amfiya ita ce yawan wutar da ke wucewa. Om shi ne turjiyar da waya ke yi wa wutar. Zafin da waya ke fitarwa, wanda ake aunawa da wat, lissafinsa shi ne amfiya sau amfiya sau om.

To, inji da janareta ƙirarsu ɗaya. Saboda haka duk injin da ke juyawa yana haifar da tasa wutar a ciki, wadda ke tare wutar da ake turo masa daga waje. Iya gudunsa, iya ƙarfin tarewar. Ga misali da ƙaramin inji mai bolt 12, wanda naɗin wayar cikinsa ke da rabin om. Idan yana gudu ba kaya a kansa, wutar da yake haifarwa ta kai, mu ce, bolt 11. Saura bolt 1 kawai ke turi, amfiya 2 ke shiga, zafin kuma 2 sau 2 sau rabi, wat 2. Yanzu a danne shi, a hana shi juyawa, wuta kuma tana kunne. Babu sauran abin da zai tare. Bolt 12 ɗin duka sun afka wa rabin om, amfiya 24 ta shiga, zafi ya zama 24 sau 24 sau rabi, wat 288. Inji ɗaya, batir ɗaya, amma zafi ya ninka sau 144.

Mutane da yawa sun ɗauka gudu ne ke ƙona inji. Ba haka ba ne, nauyi ne. Jakin da ke sassarfa da amalanke a kan fako ba ya jigata kamar wanda tayoyin amalankensa suka nutse a rairayi, yana ja yana nishi bai yi taku biyar ba. Ga shi kuma injuna da yawa fankar da ke sanyaya su a jikin sandar juyawarsu take, to in gudu ya ragu iska ma ta ragu, daidai lokacin da aka fi bukatarta. Jan ƙarfen wayar shi ma sai ya ƙara dagula lamarin, domin duk digiri ɗaya da ya hau, turjiyarsa na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100. Zafi ya ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi.

Malami zai kawo ƙaramin inji daga tsohuwar rediyo mai kaset ko motar wasan yara, da batir biyu na tocila. A kunna shi ya yi minti ɗaya yana gudu, kowa ya taɓa. Sannan wani ya matse bakin sandar da yatsu biyu har gudun ya kusa tsayawa, a ƙirga ashirin, a sake taɓawa. Kada a wuce ashirin, kuma kada a gwada wannan da babban inji.

Me ke ƙonewa a ciki?

Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000, ba shi ne ke fara mutuwa ba. Kowane silin waya a naɗin inji an shafe shi da wani siririn shafi mai sheƙi, shi ke hana sili taɓa ɗan'uwansa. In kuka je wurin mai gyara ya buɗe muku injin da ya ƙone, za ku ga wayar da a da take ja wur ta koma baƙa, shafin yana murmushewa a yatsa, ga wani wari mai hawa kai da ba ya barin rumfar sai an jima. Da shafin ya fashe, silin waya ya haɗu da sili, wuta ta bi gajeriyar hanya, shi ke nan.

A kan farantin da ke jikin injuna da yawa akwai harafin da ke nuna juriyar wannan shafi: B digiri 130, F digiri 155, H digiri 180. Wannan zafin can tsakiyar naɗi ne, ba na bayan gangar inji ba, wadda kullum ta fi cikin sanyi. Masu ƙera injuna kuma kan yi lissafinsu a kan cewa iskar wurin ba za ta wuce digiri 40 ba. Mu nan jihar Damagaram, a Afrilu da Mayu, cikin inuwa ma akan wuce 40. Ke nan injin da aka ajiye a rana tsaka ya cinye rararsa tun kafin a kunna shi. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan ƙima yana raba kwanan shafin biyu. Wanda zai yi shekara takwas ya koma huɗu, a ƙara goma ya koma biyu.

Yawancin famfunan sola na yanzu suna da maganaɗisu mai ƙarfi a ciki, irin wanda aka ƙirƙiro a Japan da Amurka a farkon shekarun 1980. Na gama-garinsa yakan fara rasa ƙarfi daga wajen digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa ko ya huce. Injin da maganaɗisunsa ya yi rauni sai ya ja wuta fiye da da kafin ya yi aikin da ya saba. Shi ya sa injin da ya taɓa gasuwa sau ɗaya yake saurin ɗaukar zafi daga baya, mai shi yana ta mamaki.

Darasi daga masu wasan ƴan motoci

A Amurka da Turai da Asiya akwai magidanta, masu gemu da iyali, da ke kashe kuɗi a kan ƴan motocin rimot masu hawan duwatsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Girman motar kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske, tana da batir da ƙaramin inji da kwanturola, kamar dai kayan famfonmu. Kamfanin Axial ya fito da wata mai suna AX10 Scorpion a 2007, Traxxas kuma ya fito da TRX-4 a 2017. Ba tsere ake da su ba, rarrafe suke a kan dutse, wani lokaci mai tafiya a ƙasa ma ya fi su sauri. Saboda haka matsalarsu ita ce tamu sak: nauyi mai yawa, gudu kaɗan, iska babu.

Motar ta zo gindin dutse, tayoyin gaba sun kama sun ɗaga hancinta sama, tayar baya ɗaya ta faɗa tsaga ta maƙale. Sabon shiga sai ya ƙara matsa kunamar rimot. Tayar ba ta motsa ba, inji yana ta gunji ƙasa-ƙasa, duk wutar batir tana komawa zafi. Gwani kuwa yana ganin taya ta tsaya zai saki, ya ja da baya, ya nemi wata hanya. Yakan yawo da ƴar na'urar auna zafi daga nesa, bayan ƴan mintoci ya haska jikin injin. In ya ga ya doshi digiri 70, sai a huta.

In injin ya cika zafi, ba fanka gwanayensu ke fara saye ba. Da farko sai su cire inji su juya tayoyin da hannu, su ji ko akwai inda ke cijewa, ciyawa ce ta naɗe, ko rairayi ya shiga boris. Sannan su sauya giya. A bakin injin akwai ƙaramar giya da ke juya babba. In aka cire mai haƙora 14 aka sa mai 11, nauyin da ke kan inji ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, wutar da yake ja ita ma haka. Ku yi lissafin Joule, za ku ga zafi ya sauka da kusan kashi 40 cikin 100, don haƙora uku kawai. Wanda ya sa manyan tayoyi ko ya ƙara wa mota ƙarfe don ta yi nauyi, bai taɓa giya ba, shi ya jawo wa kansa. Sai an gama duk wannan ake maganar liƙa alminiyom da ƴar fanka a jikin inji.

Wannan jerin shi ne abin ɗauka a wurinsu: a fara rage wa inji kaya, sannan a nema masa iska.

Injin da ke cikin rijiya

Famfo ba shi da giyar da za a sauya, amma yana da nasa kayan: zurfin da yake ɗago ruwa, da tsawon tiyo da ƙuncinsa, da rairayin da ke cikin ruwan. Famfunan sola iri biyu suka fi yawa. Akwai mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin roba yana tura ruwa sama. Shi wannan, iya tsawon da zai kai ruwa, iya wutar da zai ja. In aka rufe bakin famfo ko tiyo ya lanƙwashe alhali yana aiki, ya zama motar da tayarta ta maƙale. Akwai kuma mai fukafukai da ke wurga ruwa. Shi in an toshe masa hanya ba ya ƙara jan wuta, amma ruwan da ke kewaye da shi ya daina tafiya, yana ta dama ruwa ɗaya har ya yi zafi. Ko wanne ne, kada a rufe masa baki yana aiki. In tanki ake cikawa, a sa masa makunnin nan mai yawo a kan ruwa, wanda ke kashe famfo in tanki ya cika.

Injin cikin ruwa ba shi da fanka, ruwan da ke gogar jikinsa yana wucewa shi ne mai sanyaya shi. A cikin ƙuntatacciyar rijiyar burtsatse ruwa dole ya bi ta jikin injin kafin ya shiga famfo. A rijiya mai faɗi ko tafki kuwa, ruwa na iya shiga ta gefe, injin da ke ƙasa ya zauna cikin ruwan da ba ya motsi. Maganinsa araha ne. A samu guntun bututun roba wanda ya ɗan fi famfon faɗi, a zura famfon ciki, a toshe sama a bar ƙasa a buɗe. Ruwa ba shi da hanya sai ta ƙasa, ya hau ta jikin inji.

Kada a ajiye famfo a gindin rijiya, a ɗaga shi ya bar laka da rairayi. Ƙasarmu ta rairayi ce, rairayi kuwa yana cin roba, yana cije abin juyawa.

Sai babbar magana. Daga Maris zuwa saukar damina ruwan rijiya yakan ja baya, famfo ya kwashe abin da ya taru ya fara shaƙar iska. Akwai ƴar na'urar da ake ratayawa sama da famfo, in ruwa ya sauka ƙasa da ita sai ta gaya wa kwanturola ya tsaya. Wasu in tsayawar ta ishe su sai su sa a yanke wayarta a haɗe, su ce tana hana ruwa gudu. A ganina babu ɓarnar da ta kai wannan a duk harkar famfo. Famfo mai murɗaɗɗen ƙarfe in ya juya a bushe, cikin ƴan mintoci robarsa ta ƙone. In rijiya ba ta kawo ruwa da saurin da famfo ke ja, gudun famfon za a rage, kwanturola da yawa suna da wurin yin haka. Ruwa kaɗan-kaɗan wuni guda ya fi ambaliyar rabin awa.

Kwanturola

A cikin akwatin akwai ƙananan makunnai na lantarki da ke buɗewa suna rufewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, da haka suke daidaita gudun inji. Su ma suna fitar da zafi, shi ya sa aka manna su a jikin alminiyom mai haƙarƙari da ke bayan akwatin. Akwai kuma kafasito, waɗanda akan rubuta digiri 85 ko 105 a jikinsu, su ma ƙa'idar digiri 10 tana aiki a kansu. Wanda ya gaji za ku ga kansa ya kumbura.

Wani mai gyara ya je wani lambu inda aka ce famfo yana ɗaukewa. Ya tarar an naɗe akwatin da baƙar leda, an ɗaure shi a jikin ƙarfen da ke fuskantar yamma.

"Baba, wa ya naɗe shi haka?"

"Ni na sa yara, ɗana. Ƙura nake gudar masa."

"Da wane lokaci yake ɗaukewa?"

"Bayan azahar. Sai la'asar sakaliya ya dawo don kansa."

"Taɓa nan da bayan hannunka, Baba."

"Subhanallahi! Ai wannan wuta ce."

"To ba lalacewa ya yi ba, kansa yake ceto. In ya ji zafi ya yi yawa sai ya tsaya har ya huce. Ranar da ya gaji da ceton kai, ranar za ku nemi sabo."

Lokacin da dattijon ya faɗa shi ya tona asirin. Rana ta fi ƙarfi da tsakar rana, amma iska ta fi zafi tsakanin azahar da la'asar, lokacin ne kuma rana ke dukan duk abin da ya kalli yamma.

Kwanturola inuwa yake so, da iska mai wucewa. A kafa shi a tsaye, haƙarƙarinsa na kallon sama da ƙasa, don iska mai zafi ta hau ta fice, a bar masa kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa. Rumfar zana ko ta kara ta fi akwatin kwano nesa ba kusa ba. In tsoron ɓarayi ya sa dole a kulle shi cikin ƙarfe, a huda ƙasa da sama, a sa raga. Bayan hunturu a share ƙurar da ta cike tsakanin haƙarƙarin da busasshen burushi, a duba ko zanzaro ya yi gini a ciki, domin yana son wurin ƙwarai. Ba a watsa masa ruwa.

Shi ma faifai zafi na rage masa ƙarfi. Wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, a ranarmu kuwa jikinsa yakan kai 65, ya rasa kusan kashi 15 cikin 100. A ɗaga shi daga ƙasa ko kwano iska ta bi ta ƙarƙashinsa. Wanda ya ga ƙarfi ya ragu ya ce zai ƙara faifai a jere, ya fara karanta iyakar bolt da aka rubuta a jikin kwanturola, don in an wuce ta nan take yake mutuwa.

Waya

Nan ne mutum zai kashe jaka ɗari-ɗari a kan faifai da famfo, sannan ya tsaya ciniki a kan jaka biyu ta waya. Mu ce tsakanin faifai da kwanturola mita 30 ne. Wuta zuwa da dawowa take, mita 60 ke nan. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5 turjiyarta a wannan tsawon om 0.42 ce. In amfiya 10 na wucewa, 10 sau 10 sau 0.42, wat 42 sun tafi a dumama ƙasa. Mai kaurin 6 kuwa wat 18 kawai za ta ci. In aka matso da faifan kusa, asarar ta ƙara raguwa ba tare da an sayi komai ba.

A kasuwa akwai wayar da aka yi wa wankan jan ƙarfe, cikinta alminiyom. Ku kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana ku ajiye ta. Da irinta wat 42 ɗin nan sai ya haura 60. Mahaɗa kuma ta fi ko'ina haɗari. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, ko kusar da ba a ɗaure tamau ba, duk zafin a ɗan wuri ɗaya yake taruwa. In kun ga roba ta yi baƙi ko ta narke a bakin kwanturola, mahaɗa ce ta saki. Kafin a taɓa kowace waya a kashe makunni a raba faifai da akwati, domin faifan da aka jera suna iya haura bolt 100, kuma muddin akwai rana akwai wuta a cikinsu.

Aikin gida

Ku kasu uku-uku, kowane rukuni ya nemi izinin mai lambu ko mai kula da famfon unguwa. Ku je da hantsi, ku koma bayan azahar. Kowane zuwa, ku ɗora bayan busasshen hannu a jikin akwatin kwanturola, ban da waya, ku ƙirga. In ba a iya kaiwa biyar ba, zafin ya kai wajen digiri 60, ku rubuta. Ku rubuta inda akwatin yake kallo, da abin da ya yi masa inuwa, da ko na'urar tsayar da famfo in ruwa ya ja baya tana nan a haɗe. Ku auna nisan faifai da akwati da taku, ku karanta lambar kaurin da ke jikin wayar.

Sannan kowa ya yi wannan lissafi a littafinsa: inji mai naɗin om 1 yana jan amfiya 4, rairayi ya shiga famfo ya koma jan amfiya 6. Wat nawa na zafi yake fitarwa da farko, nawa daga baya? Ku zo da amsa da abin da kuka gano a lambu ranar darasi na gaba.